Shawara: Ta haddace jadawalin sau, amma ɗebewa ta gagare ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yara biyu, mace 'yar shekara 9 da namiji ɗan shekara 6. Bara muka cire su daga makarantar kuɗi saboda abin ya fi ƙarfinmu, ta gwamnati kuma ta yi wa unguwarmu nisa. Da safe suna zuwa hadda, bayan la'asar ni nake koya musu boko a gida. Karatu da rubutu muna tafiya, lissafi ne ya tsaya cak. Yarinyar ta haddace jadawalin sau har na 12, amma in na ce ta ɗebe 27 daga 52 sai ta rubuta 35, in na gyara mata sai kuka. Ƙanenta yana ƙirga har 100 da baki, amma in na zuba masa wake ya ƙirga sai ya ɓata. Na sayi littattafai uku, na sauke manhajoji a waya, data kawai ke ƙarewa. Ni sakandare na gama, kuma lissafi bai taɓa yi mini daɗi ba. Me zan saya, kuma da me zan fara?
Maman yara biyu, daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya su, ya yi musu albarka.

Ki dakata da saye-saye tukuna. Wannan 35 da yarinya ta rubuta ta riga ta nuna inda matsalar take. Ta duba 2 da 7, ta ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ta juya ta cire 2 daga 7 ta samu 5. Sannan ta cire 2 daga 5 ta samu 3. Ba sakaci ba ne, ƙa'ida ce ta kafa wa kanta: a kowane layi a cire ƙarami daga babba. Tana kallon 52 a matsayin 5 da 2 da ke zaune kusa da juna, ba gomiya biyar da ɗaiɗai biyu ba. Yaron da ke hadda ba ya shan wuyar haddace sau, shi ya sa jadawalin ya zauna mata, ya kuma rufe miki ido daga ramin da ke ƙasa. Ƙarin littafi ko bidiyo ba zai cike ramin ba, don su ma lambobi a rubuce za su nuna mata. Abin da take buƙata shi ne ta riƙe goma a hannunta, ta kwance ta, ta ga ta koma ɗaiɗai goma.

Kafin ki fara, ki gwada kowannensu shi kaɗai, minti goma, ba tare da kin ce jarrabawa ba ce. Ki rubuta 7, 4, 9 ya karanta. In ya wuce, ki ba shi 16, 61, 40, 305. Sai 38 a tara da 25, sai 52 a ɗebe 27, sai 403 a ɗebe 168. Daga nan ki yi tambaya da baki: yara 6, kowa an ba shi dabino 7, nawa aka raba? A ƙarshe 84 a raba gida 4. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne ajinsa na gaskiya, ko shekarunsa nawa. Kada ki gyara komai a ranar, ki rubuta amsar da ya bayar kawai, domin kuskuren ne ke bayyana abin da ke kansa. Wanda ya rubuta 513 a 38 da 25 ya tara 8 da 5 ya ajiye 13 gaba ɗaya. Wanda ya samu 365 a 403 ban da 168 ciwonsa ɗaya da na 'yarki. Wanda aka ce ya rubuta ɗari uku da biyar ya rubuta 3005 bai san aikin sifili ba. Wannan salo na gwada yaro a fara daga inda yake, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, an kuma yi aiki da shi a makarantun firamare na Borno da na ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano. Babban kayan aikinsa tsinkaye ne da ake ɗaurewa goma-goma.

To, ga kayan. Ki samu sabuwar tsintsiyar kwakwa ki yanka tsinke 200, kowanne tsawon yatsa, ki datse masu tsini. Robar ɗaure kuɗi guda 30. Murafen kwalba ko ƙwallon dabino guda 100 a gwangwani. Kiret ɗin ƙwai biyu na kwali: ɗaya ki bar shi yadda yake, ramuka 30, layi 5 sau 6, ɗayan ki yanko ramuka 10 daga jikinsa, layi biyu na biyar-biyar. Ƙaramin allo da alli ga kowane yaro. Littafin rubutu mai gida-gida, wanda ake kira na lissafi, don kowace lamba ta zauna a gidanta. Takarda mai layi kawai tana sa yaro kuskuren jera lambobi. Kwali ɗaya ki zana masa gida 100, goma a kwance goma a tsaye, ki rubuta 1 zuwa 100 ki manna a bango daidai idon yara. Dayis ɗin ludo biyu, rula mai santimita 30, tef ɗin tela, da agogon bango mai hannu. Shi ke nan. Akwatin nan mai kamfas da sauran kayan zane zai jira sai matakin aji huɗu ko biyar. Kalkuleta kuwa ba ta da gurbi a nan.

Da yarinyar, makon farko kada ki taɓa ɗebewa ko kaɗan. Ki zuba mata tsinke kamar 47 ba tare da kin faɗa mata adadin ba, ta ƙirga goma ta ɗaure, ta ƙirga goma ta ɗaure, har abin da ya rage bai kai goma ba. Ki ja layi a tsakiyar allo: hagu gidan ɗauri, dama gidan tsinke. Ta ajiye ɗauri 4 a hagu, tsinke 7 a dama, ta rubuta 4 da 7 a ƙarƙashinsu, ta faɗa da baki: "ɗauri huɗu da tsinke bakwai, arba'in da bakwai." Ki juya: ki rubuta 61, ta gina, ki rubuta 16, ta gina kusa da shi, ki tambaye ta wanne ya fi yawa kuma me ya sa. Ki ba ta 40, ki ga ko za ta gane cewa sifilin yana tsaron gidan tsinke ne da babu kowa a ciki. Doka ɗaya ce a wasan: gidan tsinke ba ya ɗaukar goma a rubuce, da sun kai goma sai a ɗaure su su ƙaura hagu.

Mako na biyu tarawa. Ta gina 38, ta gina 25, ta haɗa tsinkayen su zama 13, doka ta tilasta ta ɗaure goma, 3 su rage, ɗauri ya zama 6. Amsa 63. Wannan ɗan 1 da ake rubutawa a sama, wanda ke da kanki aka ce miki "riƙe ɗaya" ba a gaya miki dalili ba, shi ne sabon ɗaurin.

Sai a mako na uku ki dawo kan 52 ban da 27. Ta gina 52 kawai. Kada ta gina 27, nan iyaye da yawa ke ɓata lissafin, don 27 ɗin daga cikin 52 za ta fito. Ki miƙa hannu ki ce, "Ba ni tsinke bakwai." Tana da biyu kacal. Ki yi shiru, ki bar ta ta yi tunani, ko da za a yi minti guda. Yawancin yara da kansu suke kai hannu su cire robar ɗauri ɗaya. Yanzu tana da ɗauri 4 da tsinke 12. Ki tambaye ta: har yanzu 52 ne? Ta tabbatar da kanta cewa ba a ƙara ba a rage ba, canji kawai aka yi, kamar yadda mai shago ke fasa naira 100 zuwa goma-goma. Ta ba ki tsinke 7, saura 5. Ta ba ki ɗauri 2, saura 2. Amsa 25. Kwana uku tana yi da hannu ke kina rubuta matakan a allo, kina soke 5 kina sa 4, kina sa 1 gaban 2 daidai lokacin da ta kwance robar. Kwana uku kuma ita ke rubutawa. Bayan haka ki ɗauke tsinkayen ta koma zane: dogon layi ɗauri, ɗigo tsinke. Sai a ƙarshe lambobi zalla. Wannan jeri na abin taɓawa, sannan zane, sannan lamba, shi ne ginshiƙin koyar da lissafi a firamaren Singafo. In kika ga 35 ta sake dawowa bayan mako biyu, kada ki yi faɗa, an yi saurin ɗauke tsinkayen ne; ki dawo da su.

Idan an shiga ɗaruruwa tsinke ya yi yawa, sai ki yanka takardu ki yi kuɗin wasa na 1, 10, 100 da 1000, ashirin-ashirin. Kada ki sa na 20, 50 ko 500 a wannan darasi, suna ɓata tsarin goma-goma. A 403 ban da 168 za ta nemi goma ta fasa ta tarar babu, dole ta fara fasa ɗari, sannan ta fasa goma ɗaya daga ciki: ɗari 3, goma 9, ɗaiɗai 13. Ta nan za ta ga daga ina 9 ɗin ke fitowa, amsa kuma 235.

Jadawalin da ta haddace ba asara ba ne, ma'ana kawai za a ɗora masa. Ki jera murafe a kiret, layi 3 na huɗu-huɗu, ta faɗi adadin; ki juya kiret ɗin ta ga 4 sau 3 da 3 sau 4 abu ɗaya ne. Ki riƙa tambayarta a birkice, ba a jere ba, don mai hadda yakan koma "bakwai sau ɗaya" ya gangaro kafin ya iso 7 sau 8. Ki koya mata hanyar tsira in ta manta: 7 sau 8 shi ne 5 sau 8 da 2 sau 8, wato 40 da 16, 9 sau 6 shi ne 60 ban da 6. A jadawalin 1 zuwa 10, in aka cire na 1, 2, 5 da 10, aka kuma daina ƙirga juyin kowanne sau biyu, guda 21 ne kawai suka rage. Su za ki rubuta a ƙananan katuna, tambaya a gaba amsa a baya, a riƙa bi biyar-biyar.

Shi kuma ƙaramin, ƙirga har 100 da baki waƙa ce, bai zama ƙidaya ba tukuna. Bakinsa yana gudu ya bar yatsansa a baya. Ki mayar da shi 10. Ya ɗauki murfi ɗaya, ya jefa a gwangwani, ya faɗi lamba ɗaya. Ba zai faɗi ta gaba ba sai ya ji ƙarar faɗuwa. Da ya gama ki tambaye shi nawa ne duka. In ya sake ƙirgawa daga farko, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin ba, ki tsaya a nan har ya gane. Sai ki baza murafe 7 da faɗi, ki tattara su, ki tambaya ko sun ƙaru. Daga nan kiret mai rami 10: ki sa 6, ya faɗi nawa ne ba tare da ƙirgawa ba, biyar da ɗaya, kuma rami nawa ne babu komai. Abokan goma, 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, su ne aikinsa na wata biyu masu zuwa, kuma sun fi ƙirga har dubu amfani. Ludo da dayis biyu yana yin rabin wannan aiki, muddin shi zai tara ɗigon da kansa. Juya 3 ko 7 baibai a shekara 6 ba abin damuwa ba ne.

Akwai wani abu da ya shafi 'yan hadda musamman. Lambobin da ke ƙarshen ayoyi a yawancin bugun Alƙur'ani suna kama da na boko amma ba su ba ne: biyar ɗin Larabci zagaye ce kamar sifili, shida kuma kamar 7. Ga rubutu daga dama, ga kuma Larabci yana faɗin ɗaya kafin ashirin a 21. In kika ga yana rubuta 12 maimakon 21, ko yana kiran 7 shida, ki rubuta jerin biyu ɗaya ƙarƙashin ɗaya a kwali guda ki manna kusa da na 100 ɗin. Haddar kuma tana da ribarta: izu 60, kowane izu sumuni 8, sumuni nawa ke nan a Alƙur'ani? Tambaya ce mai kyau ga yarinyar in ta iya ninkawa, amsa 480.

Wannan ya kawo mu kan rabi da kwata, inda yara da yawa ke sake faɗuwa a matakin aji huɗu. Ki yanka dogayen takardu shida, kowace santimita 24. Ɗaya ki bar ta cikakkiya. Sauran ki yanka: rabi santimita 12, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3. Sunayen nan za ta haɗu da su a Islamiyya a babin gado. Yaro yakan ce 1/8 ya fi 1/4 saboda 8 ta fi 4. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta gani. Yakan kuma ce 1/2 da 1/4 sun zama 2/6, ya tara sama ya tara ƙasa. Ta jera rabi da rubu'i ta auna, santimita 18. Ta jera sudusi biyu, santimita 8, bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Awo kuma a kicin yake: ledar fiya wata rabin lita ce, guda nawa za su cika jarka mai lita 25?

Littattafanki uku, ki zaɓi ɗaya ki ajiye biyu. Kowane mawallafi da jerin darussansa, tsalle tsakaninsu ke barin giɓi. Ki zaɓi wanda ya ce ya bi manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara darussan makarantun ƙasar nan, mai misalai da aka warware mataki-mataki da amsoshi a baya. In babu na ajin da gwajin ya nuna a cikinsu, sai ki sayi shi, ko da na aji biyu ne ga 'yar shekara 9. In tana jin kunya ki rufe bangon da takarda. Ki cire shafukan amsa ki adana. Ki guji bugun jabu mai dusasshen rubutu, inda 3 da 8 ke kama da juna. Littattafan da Turanci suke, jarrabawa ma haka, don haka ki yi bayani da Hausa har ta gane, sannan ki ba ta sunan abin da Turanci a ƙarshen darasi, kalma biyu ko uku a rana. Tambayar labari kuwa, ta fara maimaita miki ita da Hausa, ta zana ta, kafin ta taɓa lamba. Kada ki koya mata farautar kalma, irin "in kin ga kaza ki tara", masu jarrabawa sun san wannan dabarar.

Waya ta zo ƙarshe, kuma ke ta fi yi wa amfani. Khan Academy kyauta ce, darussanta a jere suke daga ƙidaya zuwa sama, sai dai Turancin Amurka ne da dala da mil. Ki kalli bidiyon gobe da daddare ke kaɗai, ki koya musu da Hausa da naira. Khan Academy Kids ta 'yan shekara 2 zuwa 8 ce, za ta dace da ƙaramin, minti 15 kina kusa. Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da haɗin gwiwar UNICEF a 2022, kyauta ce, ta bi manhajar ƙasa, kuma akwai darussa da Hausa. uLesson ta kuɗi ce, ki bar ta sai sun kusa sakandare. Photomath tana warware lissafi daga hoto. Ki yi amfani da ita ki duba amsarki, kada yara su san tana wayar. Don tsimin data, ki rage ingancin hoto, ki sauke abin da ake iya saukewa, ki kashe intanet kafin ki miƙa musu. Bidiyo kuma ba a kallonsa a tafi: a tsayar kafin malamin ya faɗi amsa, yaro ya yi a allo, sannan a ci gaba. Wasannin da ke ba da tauraro don danna amsa cikin huɗu, yaro yana iya cinye su da canki-canka bai koyi komai ba.

Lokaci: ƙaramin minti 20, babbar minti 35 zuwa 40, kwana biyar a mako, kowa da nasa zaman. Minti biyar na farko tambayoyin baki kan abin da aka riga aka iya, sai sabon abu da kayan hannu, sai tambaya 6 zuwa 10 a littafi, sai wasa. Tambaya 40 gajiya kawai take koyarwa. Kada a wuce darasi sai an ci 8 cikin 10 kwana uku daban-daban, kuma kowane mako ki cusa tambaya biyu daga watan jiya. Ranar da babu hadda, ki aiki babbar shago ta faɗi canjin kafin mai shago ya ba ta. Maganar kuka: ki daina cewa "ba daidai ba", ki ce "nuna mini yadda kika yi", sau da yawa tana cikin nunawa za ta kama kanta. In hawaye ya zo a rufe littafi, a koma tambayar da za ta iya, a tashi a kanta. Kuma kada su ƙara jin kin ce lissafi bai taɓa yi miki daɗi ba, yara mata musamman suna ɗaukar wannan daga bakin uwa.

In kun yi wata biyu a haka ba fashi, yaro har yanzu ba ya iya faɗin wanne ya fi tsakanin 6 da 9 sai ya ƙirga, ko abin da ya iya jiya ya ɓace yau kullum, a fara duba idonsa da kunnensa a asibiti, sannan a nemi malamin da ya karanci koyar da masu buƙata ta musamman. In kuma za ki ɗauki malamin lesin, ki miƙa masa tsinkayen ki ce ya koya miki 52 ban da 27. Wanda ya ture su ya ce "a ari ɗaya" kawai, ko ya zo da bulala, ki ba shi haƙuri.

Abu na ƙarshe ya shafi takardu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma duk makarantar da za su koma za ta nemi shaidar inda suka tsaya. Ki je wurin shugaban makarantar firamare mafi kusa, ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ki nemi a sa sunansu, su riƙa zuwa aƙalla jarrabawar ƙarshen zango. Ki rubuta kwanan wata a kan kowane aikin da suka yi, ki adana littattafan da suka cika. Idan kina son yarinyar ta zauna jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa, ki tambayi sharuɗɗan rajista tun shekara guda kafin lokaci, amma kada ki ba ta tambayoyin shekarun baya sai ta kai matakin aji biyar a gwajin nan na minti goma.